Fentin gari a kan harsashin dalma: me ya sa nawa yake ɓarewa?

Bakatsinen_Houston:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suke wannan harkar a nan Amurka ina neman shawara. Na daɗe ina zuwa filin harbi na kulob ɗinmu ranar Asabar, takarda kawai muke harbi ba farauta ba, to tsadar harsashi ce ta sa wani dattijo Bature maƙwabcina ya koya min zuba kan harsashi da dalma a gareji. Shi tun zamanin da da man shafawa yake yi, wannan mai danƙo da ake haɗawa da kakin zuma a cusa a tsagar kan harsashin, amma wlh hayaƙinsa ya ishe ni ga dalma tana mannewa a cikin bututun bindigar sai ka zauna kana gurza har hannu ya gaji. Sai na ga mutane sun koma garin fenti irin wanda ake gasawa a jikin ƙarfe. Na sayo baƙi na zuba a roba na girgiza kamar yadda suke yi, rabi ya kama rabi bai kama ba, na gasa a ƙaramin obin, da na buga ɗaya da guduma sai fentin ya ɓare ɓawo-ɓawo. Ina matsalar take? Sannan obin ɗin nan ƙarami ne ba ya ɗaukar da yawa, in na shimfiɗa takardar alminiyam zan iya amfani da babban na kicin in uwargida ta fita?

Baban_Ilham_Arizona:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa: a'a. Obin ɗin da dalma da fenti suka shiga ya bar girki har abada, kar ma ka gwada.

Yanzu maganar ƙin kamawa. Abin da ke riƙe garin nan a jikin dalma kafin a gasa shi ba gam ba ne, lantarki ne, irin wanda yake tsinke ka in ka taɓa ƙofar mota a tsakiyar hunturu, kuma ka san wannan abin a busasshiyar iska yake zuwa. Kai kuwa kana Houston kusa da teku inda laima take kamar za a matse ta, ni nan Arizona da iska take a bushe ko ban yi wata dabara ba kamawa yake. Ka duba gindin robar da kake girgizawa a ciki, in ba lamba 5 ce a cikin alamar nan mai kusurwa uku ba to canza, lamba 5 ita ce take tara lantarkin, sannan ka zuba 'yan ƙwallayen roba na bindigar wasan yara a ciki su taimaka wajen gogayya. Ka yi girgizar a ɗaki mai AC ba cikin gareji da ƙofa a buɗe ba, garin kuma ka rufe shi ruf in ka gama don shi ma yana shan danshi ya dunƙule. Kala ma tana da tasiri fa, baƙi mara sheƙi yana daga cikin masu wahala a wannan hanyar ta girgiza, ja da shuɗi masu sheƙi sun fi kamawa, shi ya sa za ka ga hotunan mutane duk ja ne ko shuɗi, ba kwalliya ce ta sa ba.

Ɓarewar kuma abu biyu ne yawanci. Ko dai akwai maiƙo a jikin dalmar, ko gashin bai kai ba. In ka taɓa su da hannu, ko sun wuce ta na'urar da maƙwabcin naka yake cusa musu man shafawa, wadda take cike da tsohon mai, to an gama, fenti ba ya zama a kan mai. Ka wanke da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, ka bari su bushe sarai. Gashi kuma galibin garin poliyesta suna son wajen 400 a ma'aunin Fahrenheit, kusan 200 kenan a namu na gida, minti 20, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ka ga garin ya narke ya yi sheƙi ba daga lokacin da ka rufe murfi ba, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Kuma kar ka yarda da lambar da ke jikin makunnin ƙaramin obin, ka sayi ma'aunin zafi na daban ka ajiye a ciki, wasu suna yin ƙasa wasu kuma suna wucewa har waɗanda ke kusa da wayar wuta su lanƙwashe, duk da dalma zalla sai ta kai 327 a ma'aunin Celsius take narkewa, wadda aka gauraya tana sakin jiki tun kafin nan. In sun huce ka goga ɗaya da tsumma mai asiton, in kala ta biyo tsumman bai gasu ba. Ka sake buga guduma, mai kyau zai baje ya zama faifai fentin yana nan a jikinsa.

Injiniya_Sharaɗa:
Ikon Allah. Mu nan Kano wannan garin fentin ƙofofi da tagogin alminiyam da rim ɗin mota muke fesa wa, da bindigar feshi mai lantarki, sai a tura ɗakin gashi. Ban taɓa sanin har harsashi ake yi wa ba. Abin da Baban Ilham ya faɗa kan maiƙo gaskiya ne, mu ma kusan duk aikin da ya dawo mana da ɓawo to wanki ne ba a yi da kyau ba, yara suna gaggawa. Amma ku dai ku yi abinku can, a nan ko kwanson harsashi aka gani a aljihunka sai ka yi bayani a ofishin 'yan sanda, dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya ƙera ba sai da lasisi, balle da halin da ake ciki yanzu.

Anti_Nas_Maryland:
Ɗan'uwa ni ban san komai a harkar bindiga ba, ma'aikaciyar jinya ce ni kuma 'yar Gusau, maganar obin ɗin kicin ce ta sa na kasa wucewa. Mu mun ga abin da dalma take yi. A 2010 ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega, yara sama da 400 suka rasu, kuma ba wai guntun dalma suka haɗiya ba, dutsen zinari mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta sauka a tsakar gida da tabarmi da kwanonin abinci, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki. Sai da aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iya ba da magani ya yi amfani, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar nan aikin banza ne. A 2015 aka sake gani a Shikira ta jihar Neja.

Na san naka bai kai wannan ba ko kusa, amma hanyar shigar iri ɗaya ce, hannu zuwa baki. Dattin da kake kwashewa a saman tukunyar narka, ƙurar da ke benci, takalmin da kake shiga da shi falo, wandon da ake haɗawa da kayan yara a injin wanki. Fentin yana rufe wanda ka gama ne kawai, duk aikin da ka yi kafin ka kai ga fentin da tsirarar dalma ka yi shi. A nan Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tun 2021 ta sauko da ma'aunin da ake fara bincike a kan yaro zuwa maikirogiram 3.5 na dalma a kowace desilita ta jini, kuma su da kansu suna cewa babu adadin da za a kira lafiya lau ga yaro. In akwai ƙanana a gidan ko mai juna biyu dan Allah ka sa a gwada jininsu, kai ma ka gaya wa likitanka abin da kake yi ya haɗa da gwajin dalma, jini kaɗan ne ake ɗiba. Kar ka ci kar ka sha a garejin, ko goro ne. Kuma shara da tsintsiya tayar da ƙurar take yi, jiƙaƙƙen tsumma ya fi.

Tunda ana maganar, masu kawo kwalli daga gida suna sa wa jarirai su ma su ji, wani kwallin dutsen dalma ne tsantsa.

Baban_Ilham_Arizona:
Anti Allah ya saka, kin faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci. Ƙari kaɗan Malam, fentin yana ƙara kauri, wajen 0.001 zuwa 0.002 na inci, to dole ka sake bi da su ta na'urar daidaita kauri bayan gashi, kuma in hancin ya yi kauri da yawa wani lokacin sai ka ga ya ƙi zama daidai a bindigar, ka gwada kaɗan tukuna kafin ka gasa tuli. In kana jefa su a ruwa daga zubi don su yi tauri, ka sani gashin nan yana sauke taurin, sai dai ka sake jefawa a ruwa suna fitowa daga obin, amma bokitin ruwan ya yi nesa da tukunyar narka, ɗigo ɗaya in ya nutse ƙarƙashin narkakkiyar dalma watso ta yake yi har rufi. In kuma dalmar da ake liƙawa a rim don daidaita taya kake tsintowa a wajen masu faci ka tantance, yanzu da yawa zinki ne ko ƙarfe, zinki in ya narke a ciki ya ɓata tukunyar gaba ɗaya. Maganar yawan albarushi kuwa ba a karɓarta a bakin mutane a intanet, ni ma kar ka tambaye ni, littafin da kamfanonin suka buga shi ake bi.

Lauyan_Unguwa:
Ni gefen doka zan taɓa don kar wani ɗalibi ya karanta ya ɗauka kowa ma zai iya. Mai tambaya na ɗauka yana da takardar zama ɗan ƙasa ko girin kad. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan keɓe-keɓen da aka yi, misali yana da lasisin farauta. Yi wa kanka ba ya buƙatar lasisin tarayya, amma in ka mayar da shi sana'a kana sayar wa abokan kulob ka zama mai ƙerawa, wannan sai da lasisi daga ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Kuma fenti ba ya canza sunan abin a idon hukuma, Kalifoniya tun 1 ga Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya saboda manyan ungulayensu da suke cin mushen da aka harba da dalma suna mutuwa, ko ka yi masa ja ko shuɗi dalma ce. Wasu filayen harbi na cikin gini kuma suna da tasu ƙa'idar, ka tambaya kafin ka kwaso kaya.

Bakatsinen_Houston:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na duba robar lamba 2 ce, ma'aunin zafin da na saka kuma ya nuna obin ɗin bai ma kai 350 ba alhali makunnin yana kan 400. Na samo ja, na yi a ɗaki da AC, na wanke da asiton, wannan karon guduma ta baje shi fentin bai motsa ba. Lauya takarduna lafiya lau tun tuni. Anti na ji, yara biyu ne a gidan ƙaramar ba ta kai uku ba, na kira asibiti sun ba mu ranar Talata. Baban Ilham saura abu ɗaya, inda suka taɓa tiren yana barin ɗan tabo a gindi, tsayar da su kake yi ɗaya bayan ɗaya ko zubawa kawai kake?

Baban_Ilham_Arizona:
Tsayarwa nake da hantsaki a kan takardar gashin burodi, ita ba ta mannewa. Akwai cin lokaci kam, masu gaggawa zubawa suke a kwandon waya su ɓamɓare daga baya, kuma a harbin takarda na kusa da wuya ka ga bambanci.