Cape Epic na tafe, me kuka zuba a jaka, me kuka yi da-na-sanin ɗauka?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah cikin ikonsa ni da abokina mun samu gurbi a Cape Epic ta watan Maris, tseren keken dutse ne can Afirka ta Kudu. Kwana takwas ne, sama da kilomita 600, hawan dutse idan aka haɗa ya kai mita dubu 15 ko fiye, kuma mutum biyu-biyu ake yi. Wallahi tun da aka tabbatar mana bacci ya ƙaurace min, ba don tiren (atisaye) ba, tiren muna yi, maganar kaya ce ta tsaya min a rai. Mu iyakarmu tafiyar yini ɗaya mu dawo gida mu kwana. Don Allah duk wanda ya taɓa yin tseren kwanaki a kan keken dutse, ko wannan ko wani, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, me ya ɗauka ya amfane shi, me ya bari ya yi kuka da shi.

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam ƙanina, Allah ya sa a je a sa'a. Ni na yi ta 2023, mun fara daga Meerendal, muka bi Hermanus, Oak Valley, Lourensford, muka ƙare a Val de Vie. Abu na farko ka raba kayanka gida biyu a ranka, akwai babbar jaka da masu shirya tseren suke kai maka sansani na gaba a mota, akwai kuma abin da zai kasance a jikinka da jikin keke na awa shida bakwai. Wanda ke babbar jaka ba ya cetonka a tsakiyar daji.

A jikina kullum akwai tib ɗaya, ƙaramin famfo, filog na toshe hujin taya, sifana mai baki da yawa wadda ke da abin yanke kaca, makullin kaca guda biyu, da rigar ruwa mara nauyi da take shiga aljihun baya. Rigar nan sai da abokina ya ce in bar ta wai Maris zafi ake yi, kuma gaskiya ne ana zafi, a 2017 ma sai da aka rage tsawon rana guda saboda zafi. To mu a shekararmu iska ce ta fara dukanmu a Hermanus, da muka iso wajen Lourensford kuma ruwa ya sauko, taɓo har ya hana taya juyawa, mutane na rawar sanyi a wurin shan ruwa. Rigar da ba ta kai nauyin wayata ba ita ta riƙe ni ranar.

Fad ɗin birki kuwa na je da saiti biyu, rana ɗaya ta taɓon nan ta cinye min saiti guda ƙarƙaf, sai ƙarfe ke cin ƙarfe ina jin ƙarar. Ka je da huɗu.

Sannan dokar minti biyu, ba a yarda tazarar da ke tsakaninka da abokinka ta wuce minti biyu ba, don haka ba sai kowa ya ɗauki komai ba, ku raba, shi famfo kai sifana, amma tib kowa da nasa.

Oga Makanike:
Alhaji ya faɗi gaskiya a kan birki. Ni ban yi tseren ba, gyara na je yi, shagon da nake aiki a Johannesburg muna bin kwastomominmu sansani-sansani muna wanke keke da gyara har ƙarfe ɗayan dare. Abin da na fi ganin ya fitar da mutane daga tsere, ban da faɗuwa da ciwo, ɗan ƙaramin ƙarfen nan ne da ke riƙe da giyar baya a jikin firam, hanga. An yi shi ne da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye maimakon firam ɗin, kuma kusan kowane kamfani da irin nasa. Wani bawan Allah ya zo mana da keke mai tsadar gaske daga Turai, hanga ta karye, muka zagaye duk tantunan makanikai babu irin tata, ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba. Ka sayi biyu tun yanzu, ɗaya ka ɗaure da salatif a ƙarƙashin sirdi.

Taya kuma kar ka kuskura ka zo da mai tib a ciki. Ka san tsidau ɗin nan da ke huda mana ƙafa a gona? To akwai shi a can jibgi, ga duwatsu masu kaifi. Tubles za ka yi, wato taya marar tib, ka zuba ruwan liƙi isasshe, kuma ka zaɓi taya mai kaurin gefe ko da ta fi nauyi kaɗan. Masu son mara nauyi su ne suke zuwa mana da gefen taya a yage kamar an sa reza. In ta yage haka ruwan liƙi ba ya iyawa, sai ka sa tib ka tokare wurin da wani abu daga ciki, ko ledar jel ɗin ƙarin kuzari na 'yan tsere da ka shanye ta isa ta kai ka wurin shan ruwa na gaba.

Sabuwar kaca da sabon fad ka sa su kamar sati biyu kafin tafiya ka hau su, ba daren tashi ba. Kuma ƙananan kwalaben iskar nan na CO2 na cika taya kar ka wahalar da kanka, ba kowane jirgi ke yarda da su ba, ka saya in ka sauka.

Ɗan Tudun Wada:
Oga na gode, wallahi ban taɓa sanin hanga kala-kala ba ce. Gobe zan cire tawa in ɗauki hotonta in aika a nemo min. Jakar keke fa, dole sai na sayi ta musamman ɗin nan?

Oga Makanike:
Ba dole ba. Kwalin da ake kawo sabon keke a ciki ya isa in ka naɗe firam da soso, ka cire feda da kan keken da giyar baya, ka sa ɗan roba tsakanin fad ɗin birki don kar su haɗe. Ka dai kira kamfanin jirgin ka ji kilo nawa suka yarda, kuma hular kwano da takalmi da feda su bi ka a jakar hannu. In keke ya makara ana iya samo na haya, takalmin da ƙafarka ta saba da shi ne ba a samu.

Maman Iman:
Sannunku. Ni nas ce a Durban, na yi tseren keken dutse na sani2c sau biyu, kwana uku ce kawai daga wajen Underberg a gangaro har bakin teku a Scottburgh, ba ta kai taku ba amma abin da zan faɗa ko a kwana uku yana kama mutum. Duk kuna maganar keke, ba wanda ya yi maganar mazauni. Ku yi haƙuri da ni amma dole a faɗa. Rana ta farko lafiya, ta biyu fata ta fara saɓulewa, ta uku na ga ƙarti suna tuƙi a tsaye don ba sa iya zama a sirdi. Wandon keke mai soso mai kyau ka je da aƙalla huɗu, wanda ka riga ka yi doguwar tafiya da shi, kar ka maimaita wanda ba a wanke ya bushe ba, kar ka sa gajeren wando a ƙarƙashinsa, kuma da ka iso sansani ka cire shi nan take ka yi wanka kafin ma ka nemi abinci. Akwai man shafawa na musamman da ake sayarwa don wurin, shi nake sawa da safe, da dare kuma man kaɗanya da mamata take aiko min.

Na biyu ciki. Mutum ɗari-ɗari suna cin abinci a tanti ɗaya suna shiga banɗaki ɗaya, in gudawa ta shigo sai ta zaga. Sabulu da sanitaiza a aljihu, da fakitin ORS da yawa, da ƙaramar buta ta roba don can takarda ce a banɗakunan. Gorar ruwanka ka wanke ta da kanka kowane dare, hanyar na bi ta gonakin shanu kuma duk abin da taya ta watso bakin gorar yake sauka. Don Allah kuma a yi hankali da shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen alhali jiki ya bushe ba ruwa, yana taɓa ƙoda, wannan a wurin aiki na gani ba labari aka ba ni ba.

Ga 'yan uwana mata da ke karantawa, ni ina sa ɗankwalin wasanni mara kauri a ƙarƙashin hular kwano da dogon wando a kan na keken, ba wanda ya taɓa ce min komai.

Ɗan Damagaram:
Salam. Ni nawa daban ne, Atlas Mountain Race na yi a Maroko lokacin ina karatu a can, mun tashi daga Marrakech cikin watan Fabrairu, sama da kilomita 1,000, kuma babu mota mai kai maka jaka babu tanti babu makanike, duk abin da za ka buƙata yana ɗaure a jikin keke, an hana ma wani ya taimake ka daga waje. Amma ina ga darasin zai yi muku amfani. Daren farko ake haye manyan duwatsun Atlas a gangara wajen Telouet, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan bidona ya fara ƙanƙara, ni kuma safar hannu ta zafi na je da ita, yatsuna suka ƙi matsa birki sai da na sauka na tura. A wani ƙauye na sayi safar wanke-wanke ta roba na ɗora a kai, ita ta kai ni ƙarshe.

Abin da na ɗauka ban taɓa ba kuma: kaya na canji kala uku, ƙaramin risho, littafi. A rana ta uku na bar su wa mai shagon da ya soya min ƙwai. Kilo biyu a hawan dutse ba wasa ba ne, kowace feda sai ka ji shi. Tun daga nan in zan shirya kaya sai in baza su a tabarma in tambayi kowane ɗaya, kai in babu kai zan fita daga tsere? In a'a ne ya koma. Fitila biyu dai ban taɓa ragewa ba, da fawa bank.

Sallah kuma na yi qasaru da jam'i, inda ruwa ya yi ƙaranci na yi taimama, ɗan ƙyalle mara nauyi shi ne dardumata.

Baban Khalifa:
Ɗan Damagaram ya tuna min, fawa bank a jakar hannu ake sa shi a jirgi ba a kaya ba. Kuma soket ɗin Afirka ta Kudu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu ne, cajar gida ba ta shiga, ka nemi adafta. Ka ƙara da abin toshe kunne don tantuna a manne suke, wani na minshari wani na tari, ƙarfe biyar kuma an tashi. Tocilan goshi, silifas, tawul mai saurin bushewa, igiyar shanya da 'yan filoli. Ni kayan kowace rana na ƙulle su a leda daban na rubuta lamba, riga wando safa da abincin aljihu, da asuba ba tunani sai ɗauka.

Ka duba kalanda kuma, ta 2024 da ta 2025 duk cikin azumi suka faɗo. Wani ɗan uwa da ya yi a lokacin sai da ya zauna da malaminsa tun kafin ya biya kuɗi, kai ma ka yi wannan lissafin da wuri.

Ɗan Jos:
Ni ban fita waje ba tukuna, amma mun yi kwana uku mu biyar muna zaga duwatsun Shere da ƙauyukan bayansu, kuma abin da ya kayar da ni abinci ne. Wani ya ba ni jel ɗin nan na 'yan tsere ban taɓa sha ba, na sha uku a jere cikina ya murɗe, rabin yini ina bin bayan duwatsu. Washegari na koma dabino da dakuwa da gyaɗa mai gishiri lafiya lau. Yaya in jel za ka sha a can to ka fara shan irinsa tun yanzu a tiren, in kuwa dabino cikinka ya sani ka riƙe dabino. Ni da kilishi zan cika jaka.

Maman Iman:
Ƙanina, kilishi kam kar Ɗan Tudun Wada ya ɗauko, ba a shiga da nama ƙasar sai da takardar izini, a filin jirgi za a karɓe. In ya sauka Cape Town akwai Musulmi da yawa, ya nemi biltong na halal, busasshen nama ne ɗan uwan kilishi sai dai babu tunkuza. Dabino ma yana nan a shaguna. Maganar halal a sansani kuma, Ɗan Tudun Wada, ka rubuta wa masu shirya tseren tun wajen rajista ka ji abin da za su ce, in bai samu ba akwai ƙwai da taliya da dankali da kayan itace. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ka sa shi cikin fasfo yau ɗin nan, daga Najeriya ba sa barin mutum ya shiga babu shi.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na kwafe komai a littafi. Anti katin yana nan na duba bai ɓace ba. Mun yi magana da abokina yanzu, ƙarshen watan nan za mu tafi Jos mu yi kwana uku a jere da ainihin kayan da za mu je da su, mu kwana a tanti, mu ga abin da zai ba mu matsala tun muna gida. Ɗan Jos in kana gari ka ja mu hanyar Shere ɗin. Oga Makanike ga tambaya ɗaya ta ƙarshe, ruwan liƙin nan zan zuba tun daga nan ko in bari sai na sauka?

Oga Makanike:
Zuba yanzu ka yi tiren da shi don ka tabbatar taya ta zauna a rim. Ranar tafiya ka rage iska kawai kar ka sace ta duka, in ka sauka ka ƙara sabo ta bawul kafin ranar farko, sannan ka riƙe ƙaramar kwalba a babbar jaka don wajen rana ta huɗu za ka sake dubawa.