Ruwan lagireto na raguwa, ƙarƙashin mota kuma a bushe: ina yake tafiya?

Mai Highlander, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Highlander ƙirar 2004 mai silinda huɗu, 'yar Kwatano. Tun da zafin nan ya shigo ruwan lagireto ke raguwa. In na cika da safe, na je Jega na dawo, sai in tarar ruwan robar ajiya ya sauka ƙasa da layi. Inda take kwana kuwa ko ɗigo babu. Bakaniken da na kai wa bai gama ɗaga bonet ba ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sai an sauke kan inji. Kafin in saki kuɗin nan, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani.

Direba, Jega:
Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da murfin lagireto. Prado ɗin da nake tuƙa wa maigidana haka ta yi mana bara, ashe robar cikin murfin ce ta tsage. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Da ya saki, ruwa sai ya riƙa tsiyayewa ta ƙaramin tiyo kana cikin gudu, shi ya sa ba ka ganin komai a gida. Akwai lamba a kansa, 0.9 ko 1.1, ka sayi mai irin lambar naka.

Bakanike, Argungu:
Gaskiya direba ya faɗa. Ni dai, Alhaji, ba na kwance kan injin kowa sai na gwada. Akwai ɗan famfo mai allura da muke ɗaurawa a bakin lagireto lokacin da inji ya huce. A buga masa iska daidai lambar murfi, a tsaya a zuba wa allurar ido. In tana sauka, akwai kafa. Sai a ɗauki tocila a bi bakin kowane tiyo, da inda robar saman lagireto ta haɗu da ƙarfe, don a tsohuwar mota wurin nan ne ya fi tsagewa. Ƙaramin yoyo in ya sauka kan inji mai zafi ƙonewa yake yi, ba ya kai ƙasa, amma yakan bar busasshen fari ko ja-ja a wurin. Ka kuma taɓa kafet ɗin gaba. In da damshi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, hitar cikin mota ce ta huje.

Gaskit yana da alamominsa. Farin hayaƙi a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa. Tiyon sama ya yi tauri da zarar an tayar da mota da safe. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wani lokaci ka ciro fulogi ka ga guda ɗaya ya fi sauran haske, ruwa ne ke wanke shi.

Sai dai motarka tana da nata ciwon daban, kuma shi na fi so ka ji. Injin nan mai lita 2.4, 2AZ, irin na Camry na shekarun, jikinsa alminiyom ne. Ramukan kusoshin da ke riƙe kan inji ta baya sukan cinye zarensu, kusa ta saki, ruwa ya riƙa zubowa ta bayan inji, ƙarƙashin bututun shigar iska. Akwai wani soso a wurin, a sa hannu a taɓa shi. Na karɓi irinta daga Kamba, an sa mata sabon gaskit a wani gareji, ba a jima ba ruwa ya dawo, don ba a gyara ramukan ba. Sai da muka dasa musu sabon zare na ƙarfe sannan ta zauna lafiya.

Malama, Zuru:
Tawa RX300 ce ta 2001. Ƙanena ya ce in shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare. Da safe muka ga ɗigo uku-huɗu ta gefen dama, wanda a kan ƙasa da ba za mu taɓa lura ba. Famfon ruwa ne, yana ɓoye bayan murfin bel ɗin taimin. Tunda bel ɗin ke juya shi, tare aka canza su, kuɗin aiki ɗaya.

Mai Pathfinder, Yauri:
Masu Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 masu giya otomatik, ku saurara. Bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yake, kuma yakan fashe ta ciki. Tawa ruwa na raguwa, waje tsaf, sai giya ta fara karkarwa tsakanin Koko da Yauri. Da aka zuƙo man giyar ya yi kauri, ya zama ruwan hoda. Lagireto da giya duka na saya. Da wani ya gaya mini tun farko, lagireto kaɗai zan canza.

Ɗan kasuwar albasa, Aliero:
Oga na Argungu, ni Pajero tawa an cire mata tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, an haɗa fanka kai tsaye, ruwan rijiya nake zubawa. An ce zafin Kebbi ba ya son tamostat. Yaya ka gani?

Bakanike, Argungu:
Alhaji, ka mayar da shi. Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 80, kuma in ya buɗe ba ya tare ruwa. Cire shi ba ya toshe yoyo, sai dai inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. In mota na zafi a watan Afrilu, a duba lagireto ko ya toshe, a wanke ƙurar hunturu da ta cushe haƙarƙarinsa. Ruwan rijiya kuma shi ke kawo tsatsa da farar ƙasa a ciki, ya cinye fukafukan famfo. Ka sa a wanke hanyar ruwan gaba ɗaya, a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ko wanda aka riga aka haɗa, ko rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ƙwai da garin barkono da wasu ke zubawa a kan hanya, ramukan lagireto suke toshewa, kada ka yarda. In allura ta hau kana tafiya, ka faka, ka kashe, ka bar murfin nan har sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu. Yarona na gareji har yau da tabon ƙuna a damtsensa.