Man kifin kemis da wanda likita ke rubutawa, ɗaya ne?

Maman Hanifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Don Allah masana, man kifin nan na omega-3 da ake sayarwa a kemis zai iya tsayawa a madadin wanda likita ke rubuta wa mai yawan kitse a jini? Kuma ta yaya ake gane ya lalace?

Malam Sabi'u:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar kallon 1000 mg ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban roba, ki juya bayanta. Abin da ke aiki shi ne EPA da DHA, wato nau'o'in omega-3 guda biyu da ke cikin man. Yawancin na kemis EPA 180 mg ne, DHA 120 mg, ragowar wani maiƙon ne daban. Na asibiti irin su Omacor, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da kusan 840 mg na EPA da DHA, kuma akan sha har huɗu a rana. Kin ga kafin na kemis ya kamo wannan sai an haɗiyi ƙwaya goma sha ɗaya kullum. Vascepa kuwa, shi ma na asibiti, EPA ne zalla. Kada a gwada cike giɓin da man hantar kifi, bitamin A ɗin da ke cikinsa zai yi wa jiki yawa.

Anti Rabi:
Lalacewar ce ta fi damuna a garin nan. Man kifi ba ya shiri da iska, zafi da haske. Oksijin na shigarsa ya fara rubewa. Ƙa'idar GOED, ƙungiyar masu harkar omega-3 ta duniya, kan ma'aunan rubewar mai ita ce na ferokzayid kada ya wuce 5, na TOTOX kada ya wuce 26, amma wa zai auna miki wannan a kanta? Robar da ta sha zafin Afrilu a shago mai rufin kwano, ko kwanan watanta bai ƙare ba, ba abin yarda ba ce.

Ki huda ƙwaya ɗaya da allura ki matsa a cokali. Ɗan ƙarni ba laifi. In kika ji warin tsohon man suya, ko ɗaci mai kartar maƙogwaro, zubar. Haka in ƙwayoyin sun manne da juna sun yi danƙo. Masu ƙamshin lemo su ne 'yan yaudara, ƙamshin na rufe warin.

Ki sayi ƙaramar roba mai duhu, mai lambar NAFDAC, ki rufe da kyau bayan kowane sha. In babu wutar firij, gindin randa ya fi kan taga.

Malam Sabi'u:
Na manta, Hajiya: in mai shan yana kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko bugun zuciyarsa na rikicewa, kada ya ƙara yawa sai likitansa ya sani.