Haɗa na'urorin ɗakin taro da Microsoft Teams

Wasu ma'aikatan sadarwa da suka tattauna yadda za a haɗa na'urorin taron bidiyo da manhajar Teams sun yi ittifaƙi cewa kada a yi gaggawar zubar da tsofaffin na'urorin kamfanin Cisco ko Poly. Da ƙa'idojin kiran bidiyo na SIP ko H.323 suke aiki, Teams kuwa ba ya karɓarsu kai tsaye, sai an sa gada, wato manhajar da ke haɗa su, irin ta kamfanin Pexip, an biya lasisi.

An fi daɗewa ana tattaunawa kan katangar tsaro (firewall, mai tace bayanan da ke shiga da fita), kuma a ganina ya dace. Kira zai shiga lafiya, amma allo baƙi ƙirin, babu murya, saboda an buɗe ƙofar 5061 ta katangar, wadda ta nan ake ƙulla kiran, an manta da ƙofofin sauti da hoto. Wani ya ƙara da cewa a gwada nuna takardu a allo tun kafin manya su zauna.