Butalin gas na kilo 6 ya kai jika biyu da rabi, ina ake samun na farashin hukuma?

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina ake samun canjin butalin gas na kilo 6 a sefa 1800 cikin garin Tawa yanzu? Nan Wadata masu butik 2500 suke cewa, shi ma sai da roƙo. Ko in haƙura in koma babban na kilo 12 da rabi, ya fi sauƙi?

Baban Halima: Wa alaikumus salam. Sai a depo, ranar da mota ta sauke kaya. Ki aika da fanko tun bayan sallar asuba a sa shi layi, kafin hantsi ya ƙare.

Inna ta Bilbis: Ku faɗa mini da dala, ɗiyana. Nawa ke nan?

Baban Halima: Dala 360 ne na hukuma, Inna. Su kuma suna karɓar dala 500.

Inna ta Bilbis: Innalillahi.

Alhaji Mai Depo: Hajiya Maman Nana, abin da hukuma ta yanke shi ne sefa 300 kilo guda. Kilo 3 sefa 900, kilo 6 sefa 1800, kilo 12 da rabi sefa 3750. Kin ga a lissafin hukuma babba da ƙarami duk kuɗi ɗaya ne, babu wanda ya fi wani araha. Bambancin yana zuwa ne wurin mai butik, don ribar da yake ɗorawa kan kowane butali yake ɗora ta, kuma ƙarami aka fi rububi. In ya ce miki babba 4500, kilo ya tashi 360. In kika sayi ƙarami 2500, kilo ya kusa 417. Amma ki tuna sai kin sayi fankon babban, da detandar mai rage ƙarfin gas, da tiyo, da risho, tunda shi ba a ɗaura masa kan wuta bisa kai kamar ƙaramin. Game da ƙarancin kuwa, gas ɗin daga matatar SORAZ ta Damagaram yake fitowa, wadda anka buɗe a 2011. Ganga 20,000 ta ɗanyen man Agadem aka gina ta ta tace a rana, gas kuma ɗan kaso ne cikin abin da ke fita. Matatar ba ta ƙara girma da kanta, gidajen da sunka bar itace kuwa kullum ƙaruwa suke. Sannan kaya sai sun bi ta Maraɗi, Madawa, Tsarnawa, Badagishiri kafin su iso mu, fanko kuma sai ya koma wurin cikawa. Mota guda ta yi kwana biyu a hanya, gari ya ji a jikinsa.

Ɗan Ƙonni: Alhaji ka bar babban dalilin. Ilela ta Najeriya na nan ƙofar gida. A Najeriya kilon gas ya fi namu tsada nesa ba kusa ba, balle tun da sunka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya koma neman gas. Abin da ke da araha nan da tsada can, ai ka san inda zai kwana.

Alhaji Mai Depo: Ban musa ba, amma kada a shafa wa kowa kashin kaji. Mai depo da takardu yake karɓar kaya, da takardu yake fitarwa.

Ɗan Ƙonni: To wa ke ba masu babur butali takwas takwas?

Alhaji Mai Depo: Masu kai wa butik cikin unguwanni ma haka suke ɗauka. Ka ga mutum da kaya, ba ka ga inda ya nufa ba.

Tanti Mai Abinci: Alhaji, Ɗan Ƙonni, ku yi haƙuri, baiwar Allah tambaya ta yi.

Mai Gyaran Risho: Maman Nana, kafin maganar ina ya fi araha, ki sayi ɗan sikelin nan na ratayawa mai ƙugiya, wanda ke ɗaukar kilo 50. Asarar da ta fi cin mutane a ƙarancin nan daga butalin da bai cika ba take zuwa. Kowane butali an buga masa nauyin fankonsa a jikin ƙarfe, galibi kan mariƙi ko gindin wuya, kusa da kalmar TARE ko harafin T. Ki karanta lambar, ki ƙara 6, abin da sikeli ya kamata ya nuna ke nan. A cire kan wuta da ƙarfen ɗora tukunya kafin a auna. In lambar fanko ta ce 8, cikakke 14 ne. In kika ga 13, kilo guda babu, kuma wanda ya biya 2500 a haka ya sayi kilo a 500 bai sani ba. Gram 100 ko 200 ba abin faɗa ba ne, sikelin hannu ba ya rasa ɗan kuskure. Rabin kilo kuwa a maida shi nan take, gaban mai butik, kada a kai gida a dawo.

Hanya biyu ake samun wannan. Ta farko masu juye, waɗanda ke kifa babban butali su tsiyaya cikin ƙanana da tiyo, babu sikeli, da hannu suke kimantawa. Wani ya fito da ragi, wani ya fito ya cika maƙil, kuma na biyun ya fi muni. Gas ɗin ruwa ne a ciki, wurin cikawa na gaskiya ba ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, ana barin sarari don ruwan yana kumbura da zafi. Butalin da anka cika har wuya, a ajiye shi a rana cikin watan Afrilu, ba shi da inda zai numfasa. Don haka in sikeli ya nuna fiye da ƙa'ida, kada a yi murna, a maida shi. Ta biyu ita ce dauɗar da ke kwantawa a gindi. Wuta ta mutu, ki girgiza ki ji abu na motsi, ki auna ki ga ya fi lambar fanko. Wannan ragowar ba ta ci da wuta yadda ya kamata, kuma ana lissafa ta cikin nauyin da kika biya.

A duba ledar da aka rufe baki da ita. In ta yi sako-sako, tana juyawa da yatsa, ko an ga alamar an gasa ta da ashana, an taɓa buɗewa.

Baban Halima: Masu butik da yawa ba su yarda a auna.

Mai Gyaran Risho: Wanda ya ƙi sikeli ya ba ka amsa.

Inna ta Bilbis: Mu dai in ya kusa ƙarewa kwantar da shi mukan yi, ko a sa gindin cikin ruwan zafi, yakan ƙara dahuwa guda.

Mai Gyaran Risho: Inna, don girman Allah a daina. In anka kwantar da shi, ruwan gas ke fitowa maimakon tururinsa, wutar sai ta yi tsalle ta kai fuska. Butali a tsaye yake aiki, a inuwa, inda iska ke wucewa. Tsakanin digiri 20 da 50 ƙarfin da ke ciki ya fi ninki biyu, ba ya bukatar a ƙara masa zafi.

Tanti Mai Abinci: Ni inda na fi ganin gas na tafiya shi ne wurin girkin kansa. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a sa ƴar kanwa. Mai kokot mai tsiri, tukunyar nan mai riƙe tururi, kuwa minti 20 zuwa 25 bayan ta fara kuka ya nuna, ganda da ƙafar saniya ma a cikinta. Shinkafa in ta tafasa minti biyar da murfi a rufe, a sauke, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa cikin kwando ko kwali, bayan minti 40 ta turara da kanta. Ruwa in ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da kika ba shi, saboda haka da zarar miya ta tafaso a rage wuta. Harshen wuta kada ya leƙo gefen tukunya, wanda ya leƙo iska yake dafawa. Yanzu da hunturu ke tafe a kewaye wutar da guntun kwano ko langa-langa ta ɓangaren da iska ke bugowa, amma a bar jikin butalin a buɗe, kada zafi ya taru a kansa.

Maman Nana: Tanti, tuwo fa? Mu goma sha ɗaya ne a gida.

Tanti Mai Abinci: Tuwon mutum goma sha ɗaya kada ki tuƙa shi bisa ƙaramin butali, ƙanwata. Tukunya lamba babba da muciya, tuƙi ɗaya mai ƙarfi ta kife. Ko ki sami murhun ƙarfe mai ƙafafu na ƙasa ki ja masa tiyo, ko ki bar tuwo ga gawayi, miya da ruwan zafi ga gas.

Malam na Lise: Ga lissafin da kowa zai iya yi. Matsakaicin kan wuta na cin wajen gram 120 zuwa 150 a awa, babba in an buɗe shi duka ya haura gram 200. Kilo 6 ke nan awa 40 zuwa 50 a matsakaici, awa 30 ko ƙasa a babba. Gidan da ke kunna wuta awa uku a rana, sati biyu. A rubuta ranar da aka ɗaura da alli a jikin butalin. In ya ƙare cikin kwana takwas alhali girki bai canza ba, ko ba a cika shi ba ko yana yoyo.

Mai Gyaran Risho: Yoyo wuri uku ne kusan kullum: robar bakin detandar, bakin tiyo biyu, da zaren kan wuta na ƙaramin butali. A kaɗa sabulu da ruwa a shafa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Detandar ta butan an rubuta mata 28 mbar, notinta ta hagu ake ɗaurewa, da hannu, in an sa filaya robar ke murƙushewa. Tiyo ya zama na gas, mai shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, da zoben ƙarfe a kowane baki. Tiyon ban ruwa bushewa yake ya tsattsage. Wuta ja mai baƙanta gindin tukunya kuwa ƙurar da ta toshe ramukan kai ce ko ƙofar iska. A kwance a goge da tsohon burushin haƙori. Kada a faɗaɗa ɗan ramin tagullar nan da allura, in ya buɗe ya buɗe ke nan, gas zai riƙa zuba fiye da iskar da ke ƙona shi.

In an shiga ɗaki aka ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe butali, a buɗe ƙofa da taga. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, inda yara ke barci bisa tabarma.

Ɗan Ƙonni: Ai ku tambayi masu maida mota da grup, wato janareta, kan gas, su ma suna cikin masu kwashe mana.

Mai Garaji: Akwai su, kuma lissafi ne ya kai su. A Yulin 2024 anka maida litar esans sefa 499. Tafiyar da lita guda ke yi, gas wajen gram 700 ke yin ta, kusan sefa 210 a farashin hukuma, ko a 2500 ɗin ma bai kai 300 ba. Amma abin da wasu ke yi, su ɗaure butalin girki a but su ja tiyo zuwa karbireta, ba juyin mota ba ne. Na gaskiya yana da tankinsa mai kauri da ake ɗaurewa da jikin mota, da bawul mai tsayar da cikawa a kashi 80, da wani na lantarki mai yanke gas da an kashe inji, da na'urar da ruwan radiyeta ke ɗumamawa tana maida ruwan gas tururi. Kuma sai akwai famfon da za a cika maka tankin, in babu ka koma hannun masu juye. Gas ba ya sanyaya bawul ɗin inji kamar esans, tsohon inji sai an riƙa duba gibinsu akai-akai, in ba haka ba mazauninsu ya cinye, mota ta fara rasa ƙarfi a hawa. Kada kuma a sayo kayan CNG daga Najeriya a ce ɗaya ne. Wancan iska ce da ake matsewa har bar 200, namu ruwa ne mai ƙarfi kaɗan, kayansu ba sa shiga juna.

Baban Halima: Grup fa, Yaya? Ƙaramin na kVA biyu.

Mai Garaji: Wannan ya fi sauƙi, karbireta mai hanya biyu ake sa masa. A rabin lodi yana shan wajen rabin kilo a awa, babban butali ya ba ka awa 25 ko kusa. Kada ka sa ƙarami. In ana jan gas da sauri ruwan ciki sanyi yake yi, ka ga raɓa ta keto a jikin ƙarfen, ƙarfi ya faɗi, inji ya fara tari alhali da sauran gas. A nisanta butali da salansa, mita biyu aƙalla.

Tanti Mai Abinci: To ku masu inji ku bar wa mata na girki mana. Ana rangwamen farashin gas ɗin nan ne don a bar saran itace.

Mai Garaji: Gaskiyarki Tanti, amma mai walda da mai firiza in wuta ta ɗauke su ma abinci suke nema.

Malam na Lise: Ba wanda ya ambaci gawayin ƙasa na Cirozerin. Yana daɗewa bisa wuta, ya dace da tuwo da wake, sai dai yana da wuyar kamawa kuma yana son murhunsa na musamman. A waje ake hura shi, ba cikin ɗaki ba.

Inna ta Bilbis: Malam, ina ake saida murhun nasa?

Alhaji Mai Depo: Masu fanko su duba launi da sunan kamfani kafin su taho, ba kowane depo ke karɓar na wani ba. Mai tsatsa a gindi ko wanda ya lotsa wurin cikawa na iya ƙin sa.

Maman Nana: Na gode ƙwarai. Sikelin nan, Mai Risho, na lantarki ko mai allura?

Mai Gyaran Risho: Na lantarki. Ki fara gwada shi da jarkar ruwa lita 5, ya nuna kilo 5 da ɗan nauyin jarkar.