Mutum biyu, suna ɗaya: yaya zan gane wanne ne kakan mahaifina?

Assalamu alaikum. Wata 3 ke nan ina bin diddigin asalin danginmu a kundayen tarihi da aka ɗora a intanet, kuma na cije a kan kakan mahaifina.

Da farko sunansa bai fito ba sam, sai da na sa alamar tauraro (*) a madadin wasu haruffa a akwatin bincike, don ta tsaya wa kowane harafi, saboda magatakardan zamanin da sukan rubuta suna yadda kunnensu ya ji shi. A FamilySearch, wani shafin intanet na binciken asalin dangi, na samu mutum biyu masu suna iri ɗaya a gunduma ɗaya, shekarun haihuwarsu sun bambanta da 4 kacal, kuma a tsofaffin takardu sau da yawa kintatar shekaru ake yi, don haka wannan tazarar ba hujja ba ce. Na bar jerin sunayen da aka kwafa na koma hotunan takardun na asali, na bi su shafi-shafi, amma layin sunan uba a ɗaya ya goge. Bishiyoyin zuriya da wasu suka ɗora sun haɗe mutanen biyu wuri guda ba tare da madogara ba, ban yarda da su ba.

Wace irin takarda ya kamata in nema gaba, wadda za ta raba su?