Batir mai bolt 12 ko 24 don ba gida wutar lantarki? Abin da 'yan'uwa suka faɗa

1. Kowa ya yarda: wat (ƙarfin wutar da kaya ke ci) shi ne bolt (matsin wutar) sau amfa (yawan wutar da ke bi ta waya). Kayan wat 600 a kan bolt 12 na jan amfa 50, a kan bolt 24 kuwa amfa 25 kacal.

2. Zafin waya daga turjiyarta yake, wato yadda take tare wutar da ke bi ta cikinta. Siririya ko doguwa ta fi turjiya. Idan amfa ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu, shi ya sa wayar batir zuwa inbata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida) take iya narkewa, musamman a bolt 12. A sa mai kauri, gajera, da fis (abin da ke yanke wuta in ta yi yawa) kusa da batir. Wannan ya fi damuna, domin gobara ce.

3. An rabu a nan: wasu sun ce bolt 12 ya ishi ƙwan fitila da fanka, wasu sun ce mai firij ya fara da 24.